Murya Daga Rijiya

Daren Laraba, mu huɗu muna wasa:
ni a Rafindadi, Bishir a Sabuwar Unguwa,
Lurwanu can Ƙofar Ƙaura, Abashe a Dutsin-ma,
kowa ya ƙura wa kwamfuta ido ba ƙiftawa.
Na ce, "Ku kauce, ga su nan bayanku!"
Bishir ya ce, "Wa ke magana daga rijiya?"
Kafin in maimaita an gama da mu.
Ni da takaici, su ukun da dariya.

Wata uku ina cusa wa asusu
ribar cajin waya, hamsin-hamsin, ɗari-ɗari.
Na yi sallama da tsire, na ƙaurace wa mai shayi,
na koma garin kwaki, ƙuli da ɗan sikari.
Ran Asabar na fasa:
dubu goma sha takwas, da wata ɗari biyu mai faci.

Shagon Mannir ƙunci gare shi, kaya har rufi.
Ga wani makirfo can sama, fari fat,
da wuya irin na zalɓe, fitila na zagaya shi.
Na tambayi kuɗi. Dubu sittin da biyar.
Na haɗiye miyau, na ce dama kallo nake.

Mannir bai ɗago daga wayar da yake gyara ba.
"Mi ke bayan ɗakinka?"
Na ce injin markaɗen Saude, katanga ɗaya muke.
"Sai mi?"
Janaretan mai aski. Fankata mai kukan kurciya.
Da akuyar Baba Dikko, wadda ba ta san dare ba.

Ya yi dariya har sukundireba ta faɗi.
"Wancan farin kunnen zomo gare shi,
tafiyar tururuwa ma ba ta wuce shi.
Ka kai shi gida, ya kwashi unguwarku kaf,
da akuya da inji, ya juye wa abokanka.
Aljihu na da ta cewa, amma ɗaki ke zaɓe."

Ya jawo wani daga ƙarƙashin kanta,
baƙi, gajere, ba ado, kamar taɓaryar yara.
"Wannan kurma-kurma ne,
sai wanda ya matso ya faɗa masa a kunne.
Ba ya son wani akwati, ba ya son batir,
soka shi a kwamfuta, shi ke nan."
Ya ce ashirin. Na ce sha biyar. Ya ce albarka.
Na juya kamar mai tafiya, ƙafata ta ƙi.
A sha bakwai muka tafa.

A gida na ce, "Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu."
Na saurara. Ashe haka nake?
Duk "fa" da "ba" sai su fashe kamar gugguru,
na sa masa safar makarantar ƙanena,
na rataya bargo a taga,
na dafa shi da littattafai uku ya kai bakina.

Da dare Bishir ya ce, "Barka, an ciro ka!"
Na ba da umarni tiryan-tiryan, kowa ya bi.
Aka sake cinye mu.
Lurwanu ya ce, "Yau mun ji ka sarai.
Ashe da can rijiyar ce ke rufa maka asiri."

Da hantsi sai ga sallama: Saude,
hannu duk jan tattasai, naira dubu a ƙulle a gyale.
Wai ta ji ina naɗar murya, tana son talla:
markaɗe da niƙa, ba jira, ba ha'inci.
Ta kashe injin, ta zauna, ta gyara murya.
Shekara shida ban taɓa jin ɗakina shiru haka ba.
Na danna jan maɓalli, na ɗaga mata yatsa.
Akuyar Baba Dikko ta riga ta.